Na'urar auna zartsi: abin da ta nuna mini a bakin Logone cikin shekara biyu

Lambuna yana kudu da Kusiri, a arewacin Kamaru, tafiyar minti goma daga bakin kogin Logone. Albasa nake yi, da latas, da ɗan tumatir. Da farkon rani injin ban ruwa na jawo mana daga kogi, amma in aka shiga Maris ruwa ya ja da baya, tiyona bai kai ba, sai mu koma rijiyar da ke tsakiyar lambu. A lokacin ne kowace shekara bakin ganyen albasa yake ƙonewa, fangali kuma ya yi wani farin ɓawo kamar an barbaɗa gari. Na zuba magani, na ƙara taki, duk a banza. 'Yata da ke karatu a Marwa ce ta ce, "Baba, ka taɓa auna ruwan kuwa?"

Na ƙetare gadar Ngeli na shiga N'Djamena, na samo na'urar auna zartsi a wani shagon kayan famfo, jaka tara. Tsawonta bai wuce biro ba, sai dai ta fi kauri. Ka cire murfi, ka tsoma bakinta mai ƙarafa biyu a ruwa, lamba ta fito. Ba gishirin take gani ba. Wutar lantarki 'yar kaɗan take turawa tsakanin ƙarafan, kuma ruwan da gishiri ko kanwa suka narke a ciki ya fi ba wuta hanya, shi ya sa lambar take hawa. Tana da gefe biyu, EC, wato awon yadda ruwa ke ba wuta hanya, da ppm, wato kiyasin yawan abin da ya narke a ruwan. Ni EC nake bi, don a tawa lambar ppm ɗin rabin ta EC ce kawai aka raba, ba wani sabon awo ba ne.

Ranar farko na auna kogi, na auna rijiya, na kalli lambobin ban san abin da zan yi da su ba. Mai shagon bai gaya mini komai ba, takardar cikin kwalin kuma ba ta wuce tafin hannu ba. Awo ɗaya ba ya faɗa maka kome. Sai da na sayi littafi na fara rubutawa kowace Juma'a da safe, wuri ɗaya, kofi ɗaya, sannan na'urar ta fara magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kogin. A Oktoba, lokacin da Logone ya cika ya batse, ruwa ja wur da laka, ba ka ganin yatsanka a ciki, na'urar ta nuna wajen 60. A Afrilu kuwa, da ruwan ya kwanta garau har kana hango yashin ƙasa, ta haura 120. Da farko na ɗauka ta lalace. Ashe laka daban, abin da ya narke daban. Laka yawo take yi cikin ruwa, in ka ajiye guga ta kwanta, ba ruwanta da lantarki. Ruwan cika kuma ruwan sama ne da ya sauko daga tsaunukan Adamawa, bai jima a ƙasa ba balle ya kwashi ma'adini. In bazara ta yi, abin da ya rage a kogi mafi yawansa ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashin ƙasa ne, ga rana tana shanye shi tana barin gishirin. Shekara biyu a jere na ga hawa da saukar nan, kusan wata ɗaya, kusan lamba ɗaya.

Ko a bazarar ma, 120 ba komai ba ne. Ma'aunin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya ce ruwan ban ruwa da bai kai 700 ba babu damuwa a kansa, daga 700 zuwa 3,000 a yi hattara, abin da ya wuce haka kuma matsala ce babba. Kogin namu ruwan daɗi ne. Wannan ya sa na fahimci wani abu da na daɗe ina tambayar kaina. Kogunan Shari da Logone, da suke haɗuwa a nan gabanmu, su ne ke kai wa Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga cikinsa. Tafkin ba shi da mafita zuwa teku, rana na ƙona shi, amma masunta suna shan ruwansa. Dalili kuwa, abin da ake zuba masa ba mai gishiri ba ne tun asali, wani kuma yana tsiyayewa ƙasa da gishirinsa, ya je ya fito kanwa a kwarurrukan Kanem. Kanwar da matanmu ke sakawa a miya ke nan.

Rijiyata ce mai laifin. A Nuwamba tana wajen 800, zuwa Mayu ta kusa 1,500. Albasa kuwa tana cikin shukokin da ba sa jure gishiri, tumatir ya fi ta haƙuri nesa ba kusa ba. Bana sai na matso da dashen albasa da wuri, na ƙaro tiyo na ci gaba da ja daga kogi har tsakiyar Afrilu, na bar wa tumatir ruwan rijiya. Bakin ganye bai ƙone kamar da ba.

Na'urar ba ta rasa aibi. Zafi yana ruɗa ta: lambar EC na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kan kowane digiri, kuma ko da yake an rubuta cewa tana gyara wannan da kanta, in ka ɗauko ta daga aljihu da tsakar rana sai ka bar ta cikin ruwan minti biyu kafin lambar ta tsaya. Shi ya sa nake awo da sassafe. Bayan wata shida kuma ta fara zamewa. Akwai ruwan gwaji da ake daidaita ta da shi, mai lamba 1413, na sha wuya kafin in samu, sai da 'yata ta aiko mini daga Marwa. Da na tsoma ta ciki ta nuna ƙasa da haka da kusan 100. Batirinta ƙananan nan ne masu kama da maɓalli, wurin masu gyaran agogo ake samu. Samanta ba ya son ruwa, kada ka bari ta faɗa guga.

Abu ɗaya ne yake tayar mini da hankali. Maƙwabcina ya ga 60 a ruwan kogi ya ce, "Alhaji, ashe wannan ya fi na famfo tsabta." Na ce masa a'a, Malam, ko kusa. Na'urar nan ba ta ganin ƙwayar cuta. Ruwan da ke ɗauke da kwalara zai iya nuna ƙaramar lamba, kuma mu mutanen Kusiri mun san abin da amai da gudawa ke yi bayan ambaliya. Ba ta kuma gaya maka wane irin gishiri ne, ko kanwa ce ko sauran taki, wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Mai lambu ko mai kiwon kifi, na ce ya saya, amma ya tabbata mai gefen EC ce, ya haɗa da ruwan gwajin tun a shago, ya kuma sayi littafi. Nawa ya kusa cika. Juma'ar da ta wuce kogi ya nuna 95, yana sauka, alamar ruwan kudu ya fara isowa.