Tsarin abinci a manyan wuraren wasannin yara: abin da magidancin Maraɗi zai auna kafin ya biya

Idan muka fita da iyali zuwa bakin tafkin Madarumfa ranar hutu, maganar abinci ba ta buƙatar dogon lissafi. Uwargida za ta dafa shinkafa da wake ko dambu da zogale tun da safe, a cika kuloli, a ɗauki tabarma da jarkar ruwa, abin da ya rage kuma a saya a can. Amma ranar da magidanci ya ƙudurta kai yaransa ɗaya daga cikin manyan wuraren wasanni na ƙasashen waje, ko Disneyland ta kusa da birnin Paris, ko na Dubai da Abu Dabi, ko na Turkiyya, lamarin yana sauyawa, domin a takardar da kamfanin tafiye-tafiye zai miƙo masa, bayan kuɗin jirgi da na otel da tikitin shiga, akwai wurin da ake tambayarsa irin tsarin abincin da yake so. A nan ne yawancinmu muke amsawa da gaggawa, mu zaɓi mafi girma don kada iyali su wahala, alhali ba mu tsaya mun duba ko iyalin za su ci abin da muka biya ba.

Tsarin bai wuce kashi biyar ba kusan a ko'ina. Akwai ɗaki kawai babu abinci, akwai ɗaki da karin kumallo, sai wanda ake rubutawa demi-pension a takardun Faransanci, wato karin kumallo da ƙarin ci ɗaya, galibi na dare. Daga nan sai pension complète mai ci uku a yini, sannan tout compris, wanda ya haɗa abinci da abin sha da ƴan ciye-ciyen tsakani. Biyun farko ba su da ruɗani. Inda kuɗi ke salwanta shi ne a ukun ƙarshe.

Ni kaina na taɓa biyan mai ci uku na kwana 4 a wani otel a Turai, mu shida: ni da maiɗakina da yara uku da mahaifiyata. A daren farko muka zauna gaban faranti-faranti na nama iri-iri, masu kyau a ido, sai Inna ta duba, ta juyo ta ce mini a hankali, "Ɗana, wannan naman wa ya yanka shi?" Na tambayi mai hidimar, ya shiga ciki ya dawo ba tare da amsar da za ta kwantar da hankali ba. Daga ranar har muka bar otel ɗin, burodi da dafaffen ƙwai da kifi da shayi su ne abincin Inna, kuma mu ma muka bi sahunta. Abincin rana kuwa sau biyu yana wuce mu, saboda lokacin da aka ba mu ya yi daidai da sa'ar da yara suke tsakiyar layi, sun yi kusan awa guda a tsaye, sun hango ƙofar shiga, ba mai iya janye su ba tare da kuka ba. Ranar tafiya na ƙirga tikitin abincin da suka rage a jakar maiɗakina na samu 11, kuma ba a mayar da kuɗin ko ɗaya, domin haka aka rubuta a sharuɗɗan da ban karanta ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce ta halal, kuma amsarta tana bin ƙasar da za a je. Disneyland ta Faransa, wadda aka buɗe a 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Paris, tana sayar da tsarin abincinta ne haɗe da kwana a otel, daga na karin kumallo zuwa na ci biyu da na ci uku, kuma akwai matakan tsada gwargwadon gidajen abincin da zai buɗe wa mutum. Farashin an gina shi ne a kan mai cin komai. Wanda zai bar naman alade, ya bar miyar da aka dafa da giya, ya bar naman da bai san yankansa ba, zai biya kuɗin nama ya ci taliya da ganye da soyayyen dankali. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan yankan Ahlul Kitabi, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da naman mahautan zamani, don haka ya dace magidanci ya zauna da malaminsa tun a gida, ya san matsayar da zai bi, ya kuma san ta mutanen da zai tafi da su, musamman tsofaffi. Mu a Nijar muna da wata dama da ya kamata mu yi amfani da ita: yaran da suka yi makarantar boko suna karanta Faransanci, za su gane porc da jambon da lardons da vin, wato sunayen naman alade da na giya, a takardar abinci, da gélatine a bayan ledar alewa, wadda sau da yawa daga alade ake samo ta. Haka nan a gidajen abincin Faransa ana ba da tulun ruwan famfo kyauta tare da abinci, kuma ladan mai hidima yana cikin farashin da aka rubuta.

Tambaya ta biyu ita ce shekarun yara, wadda ake yawan mantawa da ita. A Disneyland ta Faransa farashin yaro yana kama daga shekara 3 zuwa 11, wanda ya cika 12 an lissafa shi babba. A Walt Disney World da ke Fulorida a Amurka kuwa, daga shekara 10 ake fara biyan kuɗin babba. Yarinya ƴar shekara 12 da a gida ba ta iya cinye malmalar tuwo guda za a biya mata daidai da mahaifinta. Kuma tsarin ba ya rabuwa: duk wanda sunansa ke cikin ɗakin sai an biya masa, na dukan kwanakin, ba a cewa a saya wa manya a bar yara. Wannan ya saɓa wa yadda muka saba ci, inda uwa da ƙananan yara biyu za su sa hannu a kwano ɗaya su ƙoshi. Wanda ke biya da kansa a kantin abincin da ake saye a ɗauka zai iya sayen faranti uku a raba wa mutum biyar, amma wanda ya biya tsari ya riga ya sayi biyar.

Lissafin ba shi da wuya, tunda darajar sefa a ɗaure take da ta yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, wato kusan 656. A ɗauka, don misali kawai, an ce ci biyu a yini yuro 50 ne ga babba, 30 ga yaro, kuma iyalin sun ƙunshi uba da uwa da ɗa mai shekara 12 da ƙanana biyu. Kowane dare yuro 210 ke nan, kwana 4 kuma yuro 840, wanda ya kai kimanin sefa 551.000. Sai a buɗe shafin wurin a intanet, a duba farashin abincin da iyalin za su ci da gaske, ba wanda ya fi tsada a takardar ba, a tara na kwana 4, a ajiye shi kusa da wancan. Idan tazarar ba ta taka kara ta karya ba, riƙe kuɗin a aljihu ya fi, domin ci ɗaya na yuro 30 da ya wuce mutum kusan jika 20 ce ta tafi.

Na Fulorida ba kowa ne daga cikinmu zai kai can ba, saboda nisa da wahalar biza, amma tsarinsu ya cancanci a san shi. An dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, aka dawo da shi a watan Janairun 2024 kashi biyu. Ƙaramin yana ba kowane mutum ci biyu a kantin saye-ka-ɗauka da ɗan abin taɓawa ɗaya a kowane dare, babban kuma ci ɗaya a kanti da ci ɗaya a gidan abincin da ake zama a kawo wa mutum, kuma duka biyun suna zuwa da kofin da ake sake cikawa da lemo a otel. Kyautar da ake ba mai hidima ba ta cikin kuɗin, kuma a Amurka ba a tashi daga tebur ba tare da an bar ta ba. Sannan biyan tsari ba ya nufin an ajiye wa mutum tebur, sai ya kama wuri da kansa, ana buɗe kamawar kwana 60 kafin ranar, kuma wuraren da yara suka fi so su ne suke fara cika. Amfanin wurin shi ne suna barin baƙo ya shiga da abincinsa, in dai babu kwalba ko giya.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Turkiyya, waɗanda alhazan Maraɗi suka daɗe da sanin hanyarsu ta fatauci, ma'aunin yana juyawa. A Dubai akwai Motiongate da Legoland da aka buɗe a 2016 a yankin Jabal Ali, a tsibirin Yas na Abu Dabi kuma akwai Ferrari World tun 2010 da Warner Bros. World tun 2018. A can naman da ake ci halal ne, na alade sai a keɓaɓɓun wurare masu alama, don haka duk abin da aka jera a teburin ɗebi-da-kanka iyali za su iya kai hannu, ga shinkafa da naman rago da gasasshiyar kaza waɗanda ba baƙi ba ne ga bakinmu. A nan ci biyu a yini yana biyan kuɗinsa, sai dai a tambaya ko ruwa da lemo suna ciki, domin otel da yawa abincin dare kawai suke bayarwa, abin sha a biya daban, kuma ruwan kwalba a teburin otel ba shi da araha. A Turkiyya, a garin Belek na yankin Antalya, akwai The Land of Legends, ita ma ta 2016, inda otel da wurin wasan suke haɗe, kuma otel-otel na wannan gaɓar teku sun shahara da tsarin komai-a-ciki. Idan ɗaki yana ƴan taku kaɗan daga wurin wasa, komawa cin abincin rana ba ya cin lokaci, har a yi sallar Azahar a ɗan kishingiɗa. Abin lura guda shi ne cewa wani kaso na kuɗin komai-a-ciki na giya ne, wadda Musulmi zai biya bai sha ba. Akwai otel-otel a yankin da ba sa sayar da giya sam, akwai kuma masu tsarin da ya tsaya ga lemo da shayi, kuma su ne ya kamata a fara nema.

Lokacin tafiya ma yana da hannu a zaɓin. Babban hutun makarantunmu yana faɗowa a damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da zafin Dubai ke wuce digiri 40, yara ba sa son abinci mai nauyi da rana, ruwa da kankana da abin sanyi suke nema. A Paris kuma a farkon wannan hutun rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, wuraren wasa suna kaiwa dare a buɗe, kuma wanda ya fita ƙarfe 7 don ya riski abincin otel ya bar sa'o'in da ya biya da tsada. Idan kuwa tafiyar ta haɗu da azumi, biyan ci uku asara ce a fili ga manya, sai dai a nemi otel ɗin da ya rubuta cewa zai musanya karin kumallo da sahur.

Saura zaɓin da kamfanonin tafiye-tafiye ba su cika ambata ba, wato kama ɗaki mai ɗan kicin, a sayo shinkafa da mai da albasa a kanti, nama kuma wajen mahautan Musulmi, waɗanda suke da yawa a Paris da kewayenta. Ga babban iyali, ko mai tafiya da tsoho ko mai ciwon suga, shi ne mafi sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali. Amma a faɗi gaskiya, nauyinsa a kan uwargida yake sauka, matar da ta yini tana bin yara a ƙafa, don haka da ita za a yanke shawarar, ba a yanke a gaya mata ba. Guzurin gida kuma a yi hattara da shi: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ke nan kilishi da cuku da man shanu za a iya karɓe su a filin jirgi, amma dabino an yarda a shiga da shi, kuma yana riƙe cikin yaro a layi.

Da za a tambaye ni yau, a Faransa zan tsaya a karin kumallo kawai, mu ci mu ƙoshi da safe, mu sa dabino da burodi da gorar ruwa a jaka, mu sayi abin da ya sauwaƙa da rana, da dare mu nemi gidan abincin da muka amince da yankansa. A Dubai da Abu Dabi zan ɗauki ci biyu, bayan na ga a rubuce cewa ruwa yana ciki. Komai-a-ciki ba zan biya shi ba sai inda otel da wurin wasa suke cikin shinge ɗaya, kuma yarana sun kai shekarun da suke cinye abin da aka zuba musu. Duk wanda aka zaɓa, a sa ma'aikacin kamfanin ya rubuta a takarda shekarun da ake lissafa yaro da su, da sa'o'in da ake buɗe ɗakin cin abinci da rufe shi, da ko za a iya musanya abincin dare da na rana, tun kafin a miƙa masa kuɗi a Maraɗi ko a Yamai.