PipeWire, JACK ko PulseAudio? Ga 'yan uwa masu rikodin a Jidda

Yaranmu na nan Jidda da Makka masu ɗaukar ƙasida da karatu a ɗaki sun dame ni da tambayar wace sabar sauti (manhajar da ke haɗa shirye-shiryen kwamfuta da katin sauti) za su sa a Linux, to ni dai PipeWire nake so kuma ba na ɓoyewa.

PulseAudio tun 2004 yake, ya isa kallon YouTube da kira, amma sa hedifon ka yi magana ka ji muryarka na biyo ka a makare. JACK kuwa na Paul Davis ne mai manhajar rikodin Ardour, don situdiyo aka yi shi, sai dai in ya riƙe katin sauti burauza ta yi tsit sai an sha wahalar haɗa su.

PipeWire fa, wanda Wim Taymans na Red Hat ya ƙirƙiro, yana jin yaren duka biyun, Ardour ya zata JACK ne, Firefox ya zata Pulse ne, kowa na aikinsa lokaci guda babu mai korar wani. A cikin nau'o'in Linux, Fedora 34 ta koma kansa a 2021, Ubuntu ta biyo a 22.10, kenan wataƙila ma yana cikin kwamfutarka. Bafa ɗinsa (yawan samfurin sautin da yake tarawa kafin ya tura) na asali 1024 ne, a kan samfuri 48000 a sakan jinkirin kusan milisakan 21 kenan, in za ka ɗauki murya sauke shi 128 ya dawo ƙasa da 3. Ka zaɓi Pro Audio a saitin katin sauti, ka sa manhajar qpwgraph ka ja wayoyin sautinka a allo yadda kake so.

Amma wallahi abin da ya ƙona ni ba manhaja ba ne, katin sauti na USB ne jabu. Kwali tsaf, tambari tsaf, mai saidawa a kasuwar haraj yana ta rantsuwa "asli ne ya hajji", ka kai gida sai ƙaraf-ƙaraf da huci a ƙarƙashin murya, babu sabar da za ta gyara wannan. Tafi da laftof ɗinka, jona a gabansa, buga umarnin lsusb mai jera na'urorin USB ka ga sunan da ya fito, kunna 48V (wutar da katin ke ba makirfo) da makirfo mai buƙatarsa, buɗe pw-top mai nuna aikin PipeWire ka duba ko ERR, wato adadin kurakurai, na hawa, sannan ka gwada lambar siriyal a shafin kamfanin. In ya hana gwaji ko ya ce babu fatura (rasit) babu daman (garanti), mayar da riyal ɗinka aljihu, ko da ɗan garinku ne. Kebul ɗin da zai ce kyauta ya ƙara maka ma gwada shi daban.