The Black Parade: faifan da ya fi dacewa a kunna wa mai raina waƙoƙin emo

Wanda ba ya son emo, wato salon kiɗan rock mai bayyana ɓacin rai da damuwar zuciya, yawanci ƙorafinsa biyu ne: wai kukan yara ne, wai kuma ihu ya fi kiɗa yawa. Idan abokinka na wannan layin ne, kada ka soma masa da faifan farko na ƙungiyar mawaƙan rock ta My Chemical Romance, na 2002. An ɗauke shi cikin gaggawa, sautinsa ɗanye ne, zai ƙara masa hujja kawai. Faifansu da ke yin aikin shi ne The Black Parade, da kamfanin Reprise ya fitar a Oktoban 2006.

Waƙoƙi 13 ne, da wata ɓoyayya a ƙarshe, duka kusan minti 52. Labari ɗaya suke bi, na wani majinyaci da ciwon daji ke ci, yana waiwayen rayuwarsa a bakin mutuwa. Rob Cavallo, wanda ya yi aiki da ƙungiyar Green Day, shi ya tsara sautin, kuma hannunsa a bayyane yake: an jera jita kan jita, muryoyin amshi sun cika wuri irin na ƙungiyar rock ta Queen. Nan ne ƙarfin faifan. Mai shakka yana jiran kuka, sai ya tarar da kiɗan rock mai tsari da nauyi.

Soma da "Welcome to the Black Parade". Minti 5 ce da 'yan daƙiƙoƙi, tana buɗewa da fiyano shi kaɗai, sai gangar fareti, kafin jitar Ray Toro ta ɓarke. Kada ka yi magana a minti biyu na farko, domin hawan da waƙar ke yi a hankali shi ne ƙugiyar. Ba banza ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya ba. Daga nan "Famous Last Words", sannan "Cancer", gajeriya mai sanyi da ba ta kai minti 3 ba, inda muryar Gerard Way, babban mawaƙin ƙungiyar, ke fita fes. Waƙoƙi uku sun isa a zaman sauraro ɗaya. Gaggawa aikin shaiɗan ce, wanda aka ɗura wa faifai guda a yini ɗaya ba ya dawowa.

"Mama" kuwa a ajiye ta sai daga baya. Akwai muryar mawaƙiya kuma 'yar fim Liza Minnelli a ciki, amma salon waƙar na wasan kwaikwayo da kururuwa yakan kori baƙon kunne.

Abin da ke ɓata gwajin sau da yawa lasifikar waya ce. Tana cinye kiɗan bes na Mikey Way, jitocin su dunƙule su zama hayaniya. A nemi abin sauraro na kunne mai kyau. Haka kuma, in an zo jin faifan gaba ɗaya, a kashe tsarin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, saboda ta farko tana zarcewa ne kai tsaye cikin "Dead!", kuma in an raba su daɗin ya tafi.

Faifan yana da nasa aibi. An ƙure ƙarar sautin har kunne ya gaji kafin ƙarshe, tsakiyarsa tana ɗan ja, kuma akwai kalaman ashar a "Teenagers". Kalmar emo ɗin ma, Gerard Way da kansa ya sha nesanta ƙungiyar da ita, don haka ba dole ka ambace ta ba kafin ka danna kunnawa.