Firefox a kwamfutar gida: yadda na same ta

Kwamfutarmu ta gida tsohuwa ce, ta hannu na saya, RAM ɗinta giga 4, kuma da datar wayata muke jona ta. Ni ina aiki a kai, uwargida tana duba kayan da take sarowa, yara suna aikin makaranta. A irin wannan gida, burauzar (manhajar buɗe shafukan intanet) da ta fi ita ce wadda ba ta cinye data, ba ta kuma sa kwamfuta nishi. Kyan fuska daga baya yake.

Mutane da yawa ba su san cewa Chrome da Edge da Opera da Brave duk uwa ɗaya ce ta haife su ba, wato Chromium na Google. Edge ma a 2020 ta koma kansa. Firefox ta Mozilla, wadda ta fito a 2004, ita ce mai injinta daban, Gecko. Ita na ɗora, kuma har yau ban ga dalilin cire ta ba.

Babban abin da ya riƙe ni shi ne uBlock Origin, wata 'yar manhaja ta kyauta da ake ƙara wa burauza don tare talla. Google ya sauya ƙa'idar irin waɗannan manhajoji, cikakkiyar ta daina aiki a Chrome, amma a Firefox tana nan daram, har a wayar Android. Ka buɗe shafin labarai da ita, babu bidiyon da zai tashi da kansa a gefe, babu hoton caca mai ƙyalƙyali da yaro zai danna. Shafi ya buɗe nan da nan, fankar kwamfuta ta yi shiru, data kuma ta fi kai mu ƙarshen wata. A cikin saitin Firefox akwai inda ake hana sauti da bidiyo tashi sai ka danna da kanka; ranar farko ya kamata a kunna shi. Ga kuma ɗan maɓallin nan mai kama da takarda kusa da adireshi, wanda ke share komai ya bar maka rubutu zalla. Dattijon gidanmu da ido ya fara yi wa nauyi, shi ya fi kowa son sa.

Tunda hannu da yawa ne a kan kwamfutar, na sa babbar kalmar sirri wadda ke kulle sauran da aka ajiye. Wanda ke shiga banki ko imel daga kwamfutar da yara ke taɓawa, kada ya yi wasa da wannan.

Akwai inda nake ajiye Firefox gefe. Shafin biyan kuɗin wata makaranta ya ƙi nuna maɓallin biya sam, da alama masu gina shi a Chrome kaɗai suka gwada. Sai na buɗe Edge, tunda tare da Windows take zuwa, na gama na rufe. Fassara shafi zuwa Hausa kuwa, Chrome ta waya nake ba wa aikin.

Wanda ba ya son zaman gyara saiti, ya ɗauki Brave, da maganin tallarta take zuwa. Mai ƙaramar waya a inda sabis ke da rauni, Opera Mini ce tasa, domin tana matse shafi kafin ya iso.