Wane abinci za ka saya wa kifin ado?

Kafin ka miƙa kuɗi a shago, duba bakin kifinka. Beta da gufi, wasu ƙananan kifayen ado masu launi, bakinsu sama yake kallo, a saman ruwa suke kiwo. Masu gashin baki da masu lasar gilashi kuwa a ƙasa suke nema, sai an ba su abincin da ke nutsewa, in ba haka ba na sama su cinye su bar su da yunwa.

Abinci mai falle-falle ya fi sauƙin samu, kuma ya dace da ƙananan kifaye. Aibinsa shi ne da zarar ya taɓa ruwa bitamin ɗinsa ya fara narkewa, abin da ya rage kuma ya ruɓe a cikin tsakuwa. Ni dai na fi son mai ƙwaya-ƙwaya: yana riƙe sinadaransa, kana iya ƙirga abin da ka zuba, ruwa ma ya fi daɗewa garau. Ka dai tabbatar ƙwayar ba ta fi ƙarfin bakin kifin ba.

Juya gwangwanin ka karanta bayansa, hoton gaba talla ne. Idan garin kifi ko jatan lande ne a farkon jerin kayan haɗi, madalla. Idan garin alkama ne, ajiye shi. Beta macin nama ne, yana buƙatar furotin kashi 40 cikin 100 ko fiye. Kifin zinare kuwa kimanin kashi 30 ya wadatar, tare da spirulina (wani nau'in gansakukar ruwa) ko ganye kamar ɗan alayyafo da aka turara. Nemi mai bitamin C, domin yawancin kifaye jikinsu ba ya samar da shi, rashinsa kan karkatar da ƙashin baya.

Jajayen tsutsotsi na ƙanƙara marmari ne mai kyau, amma suna buƙatar firizar da wuta ba ta yankewa. In babu, sayi busassu. Abincin tarwada da wasu ke ɗiba don araha, don kifi ya yi saurin ƙiba aka haɗa shi, maiƙonsa kan ɓata ruwan gilashi.

Babban gwangwani ba riba ba ne. Bayan an buɗe, zafi da iska na kashe bitamin, balle a watannin bazara. Sayi wanda zai ƙare cikin wata shida, ka rufe shi gam a inuwa, ka riƙa zuba abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana.