Na sayi Ninja 300 ta intanet: abin da na gani bayan wata takwas

Tallan da na gani hotuna goma sha biyu ne da ɗan gajeren bidiyo. Mashin ce, Kawasaki Ninja 300 koriya shar, tana sheƙi kamar ranar aka fito da ita daga kwali. Mai ita yana Legas, ya ce tokumbo ce daga Amurka, ƙirar 2016, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Kwana huɗu muna magana ta WhatsApp. Ya tayar min da injin a bidiyo, ya nuna min takardun kwastan, na tura kafin alƙalami, aka ɗora ta a babbar mota, na cika sauran kuɗin. Yayana ya ce min cinikin biri a sama nake yi. Na ce masa ai zamani ya canza.

Ranar da aka sauke ta a Kwangila, nan Zariya, 'yan acaɓa suka kewaye ni, kowa na tambayar nawa na saya. In faɗi gaskiya, kaina ya ɗan kumbura. Washegari da sassafe na kama hanyar Samaru zuwa Shika don in ji lafiyarta. Injin ba laifi ko kaɗan: silinda biyu, cc 296, giya shida, kuma kulocin da taushi. Sai dai da na sassauta hannu a miƙaƙƙen titi, sai na ji tana jan hagu. Na duba kan mashin, na ga hannun dama ya ɗan fi matsowa kusa da ni alhali tayar gaba tana kallon gaba sak. Na ce wa kaina ƙila iskar taya ce.

Ba iskar taya ba ce. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Sabon Gari wanda ya daɗe yana taɓa manyan babura. Ko kallon fentin bai yi ba. Ya kama kan ya juya shi hagu har ƙarshe, ya dawo da shi dama har ƙarshe. A hagu ya tsaya da sauran tazara, a dama kuwa sai da makunnin hannu ya kusa dukan tanki. Ya haska fitilar wayarsa a wuyan mashin ya ce, “Malam, leƙo nan.” Akwai ɗan ƙarfe a ƙasan wuya da ke tare kai kada ya wuce iyaka. Na ɓangare ɗaya ya lotsa, an kuma shafa masa baƙin fenti.

Na ce, “Baba, ko faɗuwar tsaye ce, irin ta jaki ya zame?”

Ya ce, “Faɗuwar tsaye ba ta lanƙwasa wannan. Wannan da gudu aka sha ƙasa.”

Daga nan ya bi ta gaɓa-gaɓa, ni kuma ina tsaye ina jin kunyar kaina. Ƙarfen ƙarshen hannun hagu tsoho ne, na dama sabo fil. Hannun birki sabo, na kuloci ya sha jiki. Murfin injin na dama an goge shi an sake fesawa, in ka shafa da yatsa sai ka ji layukan kwalta a ƙarƙashin fenti. Da ya kwance robobin jiki, waɗanda su ne suka ruɗe ni a hoto, sai ga su ba na kamfani ba ne: ramukan kusoshi ba su hau daidai ba, wuri biyu ma da igiyar roba aka ɗaure. Lagireto ya ɗan karkace. Ya zare ƙafafun shokozoba na gaba, ya mirgina bututun kowanne a kan gilashi. Na hagu ya tafi sumul, na dama yana ɗingishi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne firam, wato ƙashin bayan mashin, don in ya lanƙwashe an gama magana. Baba ya ɗauko zare ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba ta ɓangarorin biyu, ya auna, ya bi duk waldar wuya yana neman tsaga ko fentin da ya fashe. Ya daɗe shiru kafin ya ce ƙashin bayanta lafiya lau. Sai a lokacin na sami wuri na zauna.

Akwai abu biyu da zan iya ganowa tun ina kwance a ɗakina kafin in tura ko kwabo. Lambar jikin mashin, wadda aka buga a wuya, harufa da lambobi 17 ce, kuma a baburan da aka yi wa kasuwar Amurka na goma a jere shi ke nuna shekarar ƙira. G ne 2016. Tawa E ce, wato 2014. Da na rubuta lambar gaba ɗaya a Google kuwa, sai ga hotunanta a filin gwanjon ababen hawan da suka yi haɗari, gefen dama a ragargaje. Su ma tayoyin suna da shekarunsu a jiki, lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ta gaba ta nuna 2017, ga zane bai cinye ba amma robar ta bushe ta fara tsattsagewa.

Da na tura wa mai sayarwa hotunan sai ya ce shi ma haka ta zo masa. Wataƙila da gaskiyarsa, Allah ne masani. Bayan ja-in-ja ya maido min da abin da bai kai rabin kuɗin gyara ba. Bututun shokozoba biyu da ƙarfen ƙasa da ke riƙe su sai daga Legas aka turo, mako uku ina jira, don a Zariya kayan Boxer da Jincheng ne ke ko'ina, na irin wannan kuwa sai an nema.

Yanzu da aka gyara ta, ina jin daɗinta ƙwarai. Tankinta lita 17 ne, na je Kaduna na dawo ban tsaya gidan mai ba. A babban titi tana zaune daram, ba ta rawa. Cikin gari ne wahala: a cunkoson Tudun Wada zafin injin yana gasa ƙafa, ƙasanta kuma yana kusa da ƙasa, dole ka bi tudun rage gudu da ramuka a hankali. Man 'yan bumburutu ma ba ta so, sau ɗaya na zuba na ji tana shaƙewa. Ita mashin ɗin zan sake saye. Ta hoto kaɗai kuwa, a'a. Ko dai in je da ƙafata, ko in biya bakaniken da na yarda da shi a can ya duba min.

Makon jiya wani abokina a unguwar Kongo, nan Zariya, ya turo min tallan Yamaha R6, ita ma robobinta sababbi ƙal. Na ce ya nemi hoton wuyanta daga ƙasa, da lambar jiki, da bidiyon ana juya kan hagu da dama har ƙarshe. Mai ita ya turo ƙarin hotunan fenti guda shida, ya ce akwai wani mai saye da ke jira.