Tsakanin Ballistol da WD-40 wajen mayar da fistol bayan wanki

Ƙanena, tun da ka ce ka gama wanke fistol ɗinka kuma kana tsakanin sa mata man Ballistol ko WD-40 kafin ka haɗa ta, amsata ita ce ka ɗauki Ballistol, kuma ka sa shi kaɗan ƙwarai.

Kwalbata ta farko wani abokin aiki ne ya kawo mini ita tsaraba, a lokacin da nake fama da tsatsa duk damina. Mai ne na Jamus wanda aka fara yi a shekarar 1904 domin sojojin ƙasar, kuma aikinsa uku ne: yana narkar da dattin albarushi, yana sa ƙarfe ya yi santsi, yana kuma hana tsatsa. Na yi watan Agusta guda a nan Damagaram, ruwa yana sauka, zufa tana jiƙa kube kullum, amma da na buɗe bindigar ban ga ko ɗigon ja a jikinta ba. Ƙaramar kwalbar nan ta kai ni kusan shekara biyu, saboda ɗigo huɗu ko biyar ya isa bindiga ɗaya. Warinsa ne kawai maiɗakina ba ta taɓa yafe masa ba.

WD-40 kuwa, an yi shi ne a Amurka a 1953 domin korar ruwa daga jikin ƙarfe, kuma a wannan aikin ba shi da laifi. Sai dai yana bushewa da wuri ya bar ƙarfe yana gugar ƙarfe. Na taɓa dogara da shi, da na ga bai riƙe ba sai na ƙara da man inji, ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama kamar laka, har marfin sama, wato ɓangaren fistol da ke zamewa baya da gaba, ya riƙa komawa da ƙyar ranar atisaye. Wurin WD-40 makullin ƙofa da sarƙar babur.

Yawan mai shi ne kuskuren da ya fi yawa a garinmu, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk abin da ke da maiƙo yana kama rairayi. Ka ɗiga a kan layukan da marfin yake zamewa a kai, da bayan bututu inda yake gogar marfin, sannan ka goge da tsumma har sai ƙyalli kawai ya rage. Cikin bututu a bar shi kusan a bushe. Ramin allurar da ke bugun harsashi kuwa kada mai ya shiga shi ko kaɗan. Kamfanin Glock mai ƙera fistol ma ya hana hakan, saboda datti yana taruwa a wurin ya rage ƙarfin bugu. Wajen haɗawa ka bi littafin da ya zo da irin bindigarka, ka kuma tabbatar sifirin ɗin da ke mayar da marfi ya zauna daidai a gurbinsa. Idan wani ɓangare ya ƙi shiga, an juya shi ne ba daidai ba, kada ka tilasta shi.

Kafin gwaji, harsashi duka ya kasance a wani ɗaki dabam. Ka cire gidan harsashi, ka ja marfi, ka duba ciki da ido kuma ka taɓa da yatsa, bakin bindigar yana kallon buhun yashi. Ka ja marfin sau da yawa ka ji ko yana tafiya ba tare da cijewa ba. Da gidan harsashi marar komai a ciki, marfin ya kamata ya tsaya a baya. Idan bindigarka tana da makullin tsaro, kunama ba za ta saki ba muddin yana kulle. In kana son ganin yadda take ɗauka da fitarwa, akwai harsashin roba marar albarushi da aka yi domin haka. Harbi na gaske sai a filin atisaye, gaban wanda ya san aikin, kuma da takardar izininka a aljihu.

Ka yi hattara da masu sayarwa, ko a Kasuwar Dole ko a intanet. Wasu suna ɗura man keken ɗinki a tsohuwar kwalba su liƙa mata takarda. Ka duba hatimin murfin, sannan ka ɗiga man a cikin ruwa kaɗan ka girgiza: Ballistol na asali yana gauraya ya yi fari kamar madara, na jabu kuwa yana tasowa sama. Wanda ya hana ka gwadawa, ka bar masa kayansa. Wanda kuma ya fara yi maka tayin harsashi ko sassan bindiga a bayan shago, ka tashi daga wurin nan take.